A Fasa Kowa Ya Rasa: Tarihin Gabar Da Ta Ci Makarantar Bath

 

Duk sa'ad da labari ya ɓulla cewa wani ya kashe matarsa, ko 'ya'yansa, ko wasu bayin Allah, sannan ya hallaka kansa, kalmomin da muke saurin furtawa ba su da yawa. Ko mu ce ya haukace, ko mu ce talauci ya yi masa yawa, ko mu ce kishi ya rufe masa ido. Daga nan sai mu yi salati mu wuce, tunda wanda za a tambaya ya riga ya tafi. Ba a zuwa kotu, ba a jin ta bakin mai laifi, waɗanda aka bari da rashi kuma babu wanda zai gaya musu dalili.

A wannan mako muna so mu bi diddigin wani lamari irin wannan da ya faru a Amurka a shekarar 1927. Mun zaɓe shi ne saboda tarihinsa a rubuce yake filla-filla: maƙwabta sun ba da shaida a gaban masu bincike, ɗaya daga cikinsu ma ya rubuta littafi a kai a shekarar da abin ya faru. Tambayar da muke bi ita ce: wace rawa gaba take takawa a irin wannan kisa? In mun ce gaba, muna nufin riƙon da mutum yake kwana da shi yana tashi da shi, yana ba shi ruwa kamar shuka har ya yi jijiya. Fushin da ke tashi yanzu ya sauka anjima daban ne, ba shi muke nufi ba.

Ƙauyen Bath da makarantarsa

Bath ƙaramin ƙauyen manoma ne a jihar Mishigan, kimanin mil goma daga Lansing, babban birnin jihar. Mutanen cikin ƙauyen ba su fi ɗari uku ba a lokacin. A da, yaran yankin suna karatu ne a ƙananan makarantu masu ɗaki ɗaya, inda malami guda yake haɗa manya da ƙanana. A shekarar 1922 aka buɗe babbar makaranta guda wadda ta haɗe su duka, aka raba yara aji-aji, aka kuma tanadi motocin ɗauko su daga gonaki. Zuwa 1927 ɗalibanta sun kai 314.

Gini irin wannan kuɗi yake ci. A tsarin Amurka, harajin filaye da gidaje ne yake ɗaukar nauyin makarantar yanki, don haka aka ƙara wa masu gonaki haraji domin a biya bashin ginin. Manoma da yawa sun yi gunaguni, sun kuma biya. Mutum ɗaya ne gunagunin ya zame masa ciwo.

Wane ne Andrew Kehoe?

An haifi Andrew Kehoe a 1872 a garin Tecumseh da ke jihar. Ya yi karatun aikin lantarki, ya kuma yi sana'ar a birnin St. Louis, inda ya taɓa faɗowa ya bugu a ka har ya jima a kwance. A 1912 ya auri Nellie Price, 'yar gidan masu hali. A 1919 suka koma wata gona kusa da Bath, wadda suka saya daga dangin Nellie a kan dala 12,000. Rabi suka biya, sauran rabin ya zama bashi, gonar tana jingine a kansa.

Maƙwabta sun san shi da kaifin basira da iya gyaran inji. Yakan taimaka wa mutane. Mai tsafta ne na ban mamaki, in rigarsa ta ɗan yi datti da rana sai ya canza wata. Amma sun san shi da wasu halayen. Ba ya jure a saɓa masa. Ya taɓa harbe karen maƙwabcinsa saboda haushi ya dame shi. Ya taɓa dukan dokinsa har ya mutu saboda bai yi aiki yadda yake so ba. Da cocinsu ya yanka wa mabiya kuɗin da za su bayar, ya ƙi biya, ya daina zuwa, ya kuma hana matarsa zuwa.

Mu lura da wannan na ƙarshe. Tun kafin maganar makaranta ta taso, halinsa ya nuna cewa in ya ɓata da wani wuri, sai ya ja na kusa da shi cikin ɓatawar.

Yadda gabar ta yi jijiya

A 1924 aka zaɓi Kehoe cikin kwamitin kula da makarantar, aka kuma ba shi muƙamin ma'aji. Ya shiga ne da manufa guda, a rage kashe kuɗi a rage haraji. Wannan ba laifi ba ne, kowane kwamiti yana buƙatar mai tsantseni da dukiyar jama'a. Matsalar ita ce yadda ya ɗauki kowace muhawara tamkar yaƙi tsakaninsa da duniya. Yakan ƙi amincewa da abin da sauran suka yarda da shi, in kuma ya ga ba za a bi ra'ayinsa ba sai ya nemi a tashi daga taron. Ya sa shugaban makarantar, Emory Huyck, a gaba, yana ta zarginsa da ɓarnar kuɗi. Ya kuma yi ta jayayya da hukumar yankin a kan a rage ƙimar da aka yi wa gonarsa, yana cewa an tsawwala masa tun wajen saye.

A 1925 aka naɗa shi magatakardan yankin na riƙon ƙwarya. Da zaɓe ya zo a watan Afrilun 1926 sai ya sha kaye. A ƙauyen da kowa ya san kowa, faɗuwa zaɓe ba lissafin ƙuri'a kaɗai ba ne, mutum yana iya ƙirga fuskokin da suka juya masa baya. Wata biyu bayan nan, a watan Yuni, aka sanar da shi cewa an fara shirin karɓe gonar saboda ya daina biyan bashin da ke kanta. A daidai wannan lokaci Nellie tana fama da ciwo mai kama da tarin fuka, tana ta shiga asibiti tana fita.

Ke nan abubuwa uku sun haɗu: kunyar faɗuwa, bashi, da jinya. Manoma da yawa a Amurka sun gamu da irinsu a waɗannan shekaru, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wasu sun sayar da gona sun koma birni, wasu sun nemi sassauci daga masu bashi. Kehoe ya haɗa duka ukun ya ɗora a kan abu guda: harajin makaranta, da mutanen da suka kawo shi.

Shekara guda ta shiri

Tun da ya faɗi zaɓe ya daina noma. Wani maƙwabcinsa ya lura da haka har ya fara zargin ko mutumin nan yana shirin hallaka kansa ne. A watan Afrilun 1927 Kehoe ya ba wannan maƙwabci kyautar doki, shi kuwa ya mayar masa saboda zargin da yake yi. Abin da bai zo wa kowa a rai ba shi ne cewa shirin ya wuce kansa.

A zamanin, nakiyar da ta yi saura daga yaƙi ana sayar wa manoma da araha domin tumɓuke kututture a gona, saboda haka sayenta ba ya jawo ido. Kehoe ya yi ta saye kaɗan-kaɗan na tsawon watanni. Kasancewarsa ɗan kwamiti kuma masanin lantarki, makarantar takan ba shi aikin gyara, don haka yana shiga ginin a duk lokacin da ya so. Amanar da aka ba shi ita ya bi ya dasa abin da ya dasa a ƙarƙashin azuzuwan yara.

A kwanakin ƙarshe ya riƙa sakin maganganu masu harshen damo. Da yake miƙa wa wani direban motar makaranta albashinsa, ya ce masa ya adana shi da kyau don mai yiwuwa shi ne na ƙarshe da zai karɓa. Wata malama ta nemi izinin kai ɗalibanta shan iska a cikin itatuwan gonarsa, ya ce mata in za su zo su zo da wuri, kada su jinkirta. Sai bayan da abin ya faru kowa ya tuna abin da ya ji.

Ranar 18 ga Mayu, 1927

An sallami Nellie daga asibiti a Lansing ranar 16 ga Mayu. Tsakanin wannan rana da safiyar 18 ga wata mijinta ya kashe ta.

Ranar Laraba, wajen ƙarfe 8:45 na safe, gidan Kehoe da sauran gine-ginen gonarsa suka kama da wuta. Kusan a lokaci guda ɓangaren arewa na makarantar ya tashi, rufin ya rufto a kan yara suna tsakiyar darasi. Maƙwabtan da suka ruga gonarsa domin kashe gobara sun gamu da shi yana fita a motarsa. Ya kira su abokansa, ya ce su bar nan su tafi makaranta.

Iyaye suna cikin tonon 'ya'yansu da hannu, kimanin rabin awa bayan fashewar, sai ga Kehoe ya iso. Ya yafito shugaban makarantar, Huyck, wanda ke cikin masu aikin ceto. Da ya matso sai ya tayar da nakiyar da ke cikin motar. Wannan fashewa ta biyu ta kashe shi kansa, da Huyck, da wani dattijo manomi, da shugaban gidan waya na ƙauyen, da wani yaro ɗan shekara takwas wanda ya tsira daga fashewar farko.

Yara 38 da manya 6 ne suka rasa rayukansu ta dalilinsa, shi ne cikon na 45. Aƙalla mutum 58 sun ji rauni. Masu aikin ceto sun gano nakiya kusan kilo 230 a ɓangaren kudu na ginin wadda ba ta tashi ba. Niyyarsa ita ce makarantar duka da duk wanda ke cikinta. Har yau ba a taɓa kashe mutane masu yawan haka a wata makaranta a Amurka ba.

Abin da aka tarar a gonar

A nan ne gabar ta fito ƙarara, domin gonar ta faɗi abin da mai ita bai tsaya ya faɗa ba. An tarar ya sassaƙe ɓawon ƙananan itatuwan da ke gonar zagaye da gindi domin su bushe a tsaye. Ya sare itatuwan inabi ya mayar da su a kan gindinsu yadda ba za a gane ba. Ya yanke wayoyin shinge. Ya ɗaure ƙafafun dawakansa biyu da waya domin kada wani ya fitar da su daga wuta. Gawar Nellie kuma an same ta washegari a bayan akurkin kaji, ta ƙone.

Mutumin da ya gaji da rayuwa kawai ba shi da lokacin bin itacen inabi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi wannan aiki yana tunanin waɗanda za su karɓi gonar a bayansa, yana kuma so kada su sami ko tsinke. Wannan shi ne abin da Bahaushe yake kira a fasa kowa ya rasa. Abin da ya ƙara tabbatar da haka shi ne ƙiyasin da aka yi daga baya, cewa injuna da kayan aikin da ya ƙone, da ya sayar da su, sun isa su biya bashin da ke kan gonar. Yana da mafita a hannunsa, ya zaɓi ya cinna mata wuta.

A jikin shinge an sami wani allon katako da ya rubuta saƙonsa na ƙarshe, mai ma'anar cewa ba a haifar mutum da laifi, mutane ne ke mayar da shi mai laifi. Ko a nan bai ɗauki alhakin komai ba. Yana gaya wa iyayen da ya kashe wa 'ya'ya cewa su ne suka jawo.

Kwamitin binciken musabbabin mutuwa ya zauna a cikin watan, ya saurari shaidu masu yawa. Ya yanke cewa Kehoe shi kaɗai ya yi aikin, kuma a tsawon lokacin yana tafiyar da al'amuransa kamar mai cikakken hankali, ya ɓoye shirinsa yadda babu wanda yake da dalilin zarginsa.

Wanda ya rayu ya yi bayani

Tunda Kehoe bai rayu an tambaye shi ba, bari mu koma shekara goma sha huɗu baya, zuwa Jamus, inda wani ya yi niyya irin tasa amma aka kama shi da rai. Ernst Wagner shugaban makaranta ne a Degerloch, kusa da birnin Stuttgart. Ranar 4 ga Satumba, 1913, ya kashe matarsa da 'ya'yansa huɗu, sannan ya tafi ƙauyen Mühlhausen inda ya taɓa koyarwa, ya cinna wa gine-gine wuta, ya harbe mutum tara har lahira. Ya shirya ya ƙare da kashe kansa, amma mutanen ƙauyen suka ci ƙarfinsa.

Wagner ya bar rubuce-rubuce masu yawa, kuma likitan ƙwaƙwalwa Robert Gaupp na jami'ar Tübingen ya bibiye shi har ya mutu a gidan masu taɓin hankali a 1938. Abin da ya fito shi ne cewa tun wajen 1901 Wagner yake ganin mazan ƙauyen sun san wani abin kunya da ya aikata, suna yi masa dariya a bayan ido. Fiye da shekara goma yana ƙullace da su. Da aka bincika sai aka tarar mutanen ƙauyen ba su san komai ba, suna ma ganin mutuncinsa. Gaba ce da mutum ɗaya yake yi, abokan gabar ba su da labari.

An yanke cewa Wagner yana da ciwon zargi, irin wanda mutum ke ganin kowa yana ƙulla masa sharri, don haka ba a hukunta shi ba. Kehoe kuwa an ce da hankalinsa. Ɗaya yana da bashi, ɗaya yana da albashi. Abin da ya haɗa su shi ne dogon riƙo, da ɗora wa wasu laifin duk abin da ya same su, da fara kisa daga cikin gida.

Abin da masana suka ce

Tun farkon ƙarni na ashirin masana halayyar ɗan Adam suke alaƙanta kashe wani da kashe kai. A wani taro da aka yi a Biyana a 1910, Wilhelm Stekel ya kawo ra'ayin cewa mai hallaka kansa ya taɓa yi wa wani fatan mutuwa. A 1917 Sigmund Freud ya yi bayanin cewa a cikin matsananciyar damuwa, fushin da mutum yake yi da wani ne yake juyowa kansa. A 1938 Karl Menninger na Amurka ya ce buri uku ne suke haɗuwa: son kashewa, son a kashe mutum, da son mutuwa. Waɗannan ra'ayoyi ne daga ɗakin ganin marasa lafiya, kuma masanan yau ba su yarda cewa sun shafi kowane mai kashe kansa ba.

Masu ƙirga sun zo daga baya. Marvin Wolfgang ya bi kisan kai da aka yi a birnin Filadelfiya daga 1948 zuwa 1952, ya tarar cikin masu kisa 621, mutum 24 ne suka kashe kansu, wato kusan huɗu cikin ɗari. A Ingila kuwa, D. J. West ya fitar da littafi a 1965 inda ya nuna cewa kusan ɗaya cikin uku na kisan kai a Ingila da Wales a wancan zamani, mai kisan yana bin bayan wanda ya kashe. Ba don Turawan Ingila sun fi aikata hakan ba ne. Sauran nau'o'in kisa, irin na faɗan titi da fashi, su ne suka yi ƙaranci a can, shi ya sa wannan nau'i ya ɗauki babban kaso. West ya kuma nuna cewa mafi yawan lamuran a cikin iyali suke faruwa, kuma masu aikatawa galibi ba sanannun masu laifi ba ne.

A 1992 Peter Marzuk da abokan aikinsa suka rarraba lamuran bisa dangantakar mai kisa da wanda aka kashe, da kuma dalili. Nau'in da ya fi yawa a Amurka, rabi ko fiye, shi ne namijin da ya kashe matarsa ko budurwarsa saboda kishi da ganin ta a matsayin mallakarsa, sau da yawa a lokacin da take shirin rabuwa da shi. Mai ƙullatar jama'a irin Kehoe shi ne mafi ƙaranci, ko da yake shi ya fi cika jaridu.

Dole mu yi adalci a nan. Ba kowane lamari ne gaba take jagoranta ba. Akwai uwar da matsanancin ciwon damuwa ya sa take ganin duniya ta ƙare, ta tafi da ƙananan 'ya'yanta tana zaton ceton su take yi. Akwai tsohon da jinyar matarsa ta fi ƙarfinsa. Haka kuma mafi yawan masu kashe kansu ba sa taɓa kowa, mafi yawan masu taɓin hankali kuma ba sa cutar da kowa. Wanda ya ɗauki labarin Kehoe ya riƙa tsangwamar masu ciwon damuwa ya zalunce su. Abin da tarihin nan yake nunawa shi ne, idan ɗebe tsammani daga rayuwa ya haɗu da tabbacin cewa wane da wane ne suka jawo, to mutuwar mai shi takan zama ɓangare na ramuwar. Ba ya tsoron hukunci tunda ba zai tsaya a yi masa ba, kuma tafiyarsa tana hana waɗanda ya cuta ko da tambayarsa dalili.

Nellie, wadda aka fara da ita

Idan ana ba da labarin Bath, yawanci a jimla ɗaya ake ambaton Nellie a wuce. Mu ma mun kusa yin haka. Amma ita ce ta zauna shekara goma sha biyar da mutumin da ya doki doki har ya mutu, wanda ya hana ta zuwa wurin ibadarta. Danginta ne masu bin bashin gonar. Ta fito daga asibiti ta koma gidan da aka riga aka shirya ƙonewa. Danginta sun binne ta a Lansing da sunan gidan mahaifinta, ba su sa sunan mijin a kan kabarin ba. Shi kuwa an binne shi a sashen marasa galihu na wata maƙabarta a garin St. Johns, ba tare da wata alama ba.

Idan muka haɗa labarinta da abin da West da Marzuk suka gano, za mu ga cewa na cikin gida su ne suka fi kusa da haɗari, su ne kuma suka fi kowa ganin alamu. Macen da ta ce mijinta yana cewa in bai same ta ba kowa ya rasa, ko yana cewa zai kashe ta ya kashe kansa, ba maganar da za a amsa da "ki yi haƙuri ki koma" ba ce. Magana ce da ya kamata iyaye da hukuma su ɗauka da gaske tun ranar da aka ji ta, a nisanta ta daga gare shi, shi kuma a kai shi ga likita.

Bayan ƙura ta lafa

Kwana biyu bayan fashewar, Charles Lindbergh ya tashi daga New York a jirgin sama shi kaɗai, ya sauka a Paris ranar 21 ga Mayu. Jaridun Amurka suka koma kansa, labarin Bath ya sauka daga shafin farko. Mutanen ƙauyen suka ci gaba da jana'iza.

Sanata James Couzens ya ba da dala 75,000 aka sake gina makarantar, aka sa mata sunansa. Yaran makarantun Mishigan suka tara 'yan kwabbai aka ƙera mutum-mutumin wata yarinya riƙe da kyanwa domin tunawa da waɗanda suka rasu. A 1975 aka rushe ginin, wurin ya zama dandalin tunawa, inda aka ajiye 'yar ƙubbar da take saman rufin tsohuwar makarantar. Harajin da Kehoe ya yi wa gaba bai ragu ba, kuma yaran Bath sun ci gaba da zuwa makaranta.

Abin da ya rage mana

Mutanen Bath ba wawaye ba ne, ba kuma sakaci suka yi ba. Kowa ya ga ɗan ɓangarensa: wannan ya ga kare, wancan ya ga gonar da aka bari ba noma, wani ya ji maganar albashin ƙarshe. Babu wanda ya haɗa su wuri guda, kuma a ƙauye ba a son a ce wane ya kai ƙarar maƙwabcinsa a kan zato. Mu ma mun san irin wannan kawaici. Addininmu ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku, amma kowannenmu ya san gabar gado ko ta fili ko ta saki da ta shekara goma ana kallonta, ana cewa halinsa ne, a ƙyale shi. Galibinsu ba sa kaiwa ga jini, alhamdu lillahi. Amma idan mai riƙo ya fara rabar da kayansa, ya daina sana'arsa, yana maganar ranar ƙarshe, yana kuma kiran sunayen waɗanda suka cuce shi, lokacin kawaici ya wuce.

Mu da muke riƙe da alƙalami kuma akwai abin da ya shafe mu. Allon da Kehoe ya rataya a shinge yunƙuri ne na rubuta tarihin abin da hannunsa, a ce an tura shi bango ne. Duk wanda ya ba da irin wannan labari ya tsaya a kan cewa bashi ne, ko so ne ya yi yawa, ya taya mai kisan yaɗa uzurinsa. In za mu rubuta, a labari ko a maƙala, mu nuna shekarun da aka yi ana kiwon gabar, mu nuna mafitar da aka ƙi bi, mu kuma ba waɗanda aka kashe wuri fiye da jimla ɗaya.

Allah Ya tsare zukatanmu daga riƙo, Ya ba mu ikon sasanta tsakanin 'yan uwa tun abu yana ƙarami. Inda muka yi kuskure muna maraba da gyara. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.